Yakuba Sawadogo na Gurga: manomin da ya raya fako, birni ya zo rabon fuloti a kai

Yakuba Sawadogo ya rasu ranar 3 ga Disamba 2023 a Wahiguya, babban garin lardin Yatenga a arewacin Burkina Faso, yana da shekara 77 a duniya. Allah ya jiƙansa da rahama. Manomi ne ɗan ƙabilar Mosi, mutumin ƙauyen Gurga da ke gefen Wahiguya, kuma gero da dawa ya yi ta nomawa shi da iyalinsa, kamar yadda ya taras iyayensa na yi. Bai yi karatun boko ba. Yana yaro aka kai shi almajiranci ƙasar Mali, da ya dawo ya kafa rumfa a kasuwar Wahiguya, ciniki ya karɓe shi har ana ganin shi da fartanya sun yi sallama ke nan. Wajen 1980, lokacin da maƙwabta ke ɗaure kaya suna barin ƙasar saboda yunwa, shi sai ya bar kasuwa ya koma ƙauye, ya nufi wani fako da ko akuya ba ta tsayawa a kansa, ya fara haƙa ramuka.

Masu ta'aziyya sun fi tsayawa kan lambobin yabon da ya samu da dajin da ya bari. Ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne irin ƙarfin da aikin nan ya ci a gida guda tsawon shekara 40 da ɗoriya, da yadda ƙasar da babu mai so ta zama abin wawaso da zarar ta yi kore, alhali wanda ya raya ta ba shi da takarda ko ɗaya da zai nuna.

Ƙasar da ya koma wa

Yatenga tsohuwar masarauta ce ta Mosi, mai cunkoson jama'a tun da daɗewa, kimanin kilomita 180 arewa maso yamma da Wagadugu. Ruwan da take samu a shekara bai cika wuce milimita 600 zuwa 700 ba, kuma cikin wata uku zuwa huɗu yake zuba ya ɗauke. A da idan gona ta gaji sai a bar ta ta huta wasu shekaru, a sassabe wata. Da mutane suka yi yawa dajin sassabe ya ƙare, gona ɗaya ake bi kowace damina, karan ma a kwashe shi don dabbobi da murhu, itatuwa kuma gatari ya bi ta kansu. Ƙasa ta zauna tsirara. Ruwan farko mai zuwa da iska shi ke share ƙasar sama mai taushi, abin da ya rage ɗigon ruwa ya daddaɓe shi, rana ta gasa, ya yi ɓawo. Mosi na kiran irin wannan wuri zipele, mu kuma fako muka san shi. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan fako ana ruwa ya ga yadda yake gudu kamar an zuba shi a daɓen siminti, ya tattaru can gangare ya yanka kwazazzabo. Bayan an ɗauke ka sa dagi ka tona, ko zurfin yatsa biyu danshi bai kai ba.

A kan wannan ƙasa farin 1972 da 1973 ya sauka. An ɗan farfaɗo ke nan na 1982 zuwa 1984 ya biyo baya, wanda bai bar ƙasar Hausa ba ita ma. A Nijar har yau dattawa na tuna yunwar 1984 da sunan El-Buhari. Chris Reij, masani ɗan ƙasar Holan da ya daɗe yana bin lamarin yankin, ya rubuta tare da abokan aikinsa cewa tsakanin 1975 da 1985 wasu ƙauyuka sun rasa har kashi ɗaya cikin huɗu na mutanensu. Majiya ƙarfi suka tafi gonakin koko da kofi na Kodebuwa, wasu gidajen kuma suka tashi ɗungurungum suka koma kudu maso yammacin ƙasar inda ruwa ya fi yawa. Rijiyoyi na ƙafewa tun rani bai yi nisa ba, mata na cin doguwar tafiya kafin su cika tulu.

An taɓa gwada gyara daga sama. Tsakanin 1962 da 1965 wani shiri mai suna GERES, da kuɗin Turai, ya shigo Yatenga da katafiloli ya ja shingayen ƙasa a kan kusan hekta 120,000 don tare ruwa. Ba a shawarci masu gonakin ba. Shinge ya ratsa iyakar gona, ya ratsa hanyar shanu, babu wanda ya ɗauke shi nasa balle ya gyara inda ya ɓalle, kuma inda ya ɓalle ruwan da ya taru a bayansa ɓarna ya ƙara yi. Cikin 'yan shekaru aikin ya bi ruwa. Mutanen da Yakuba ya koma cikinsu sun riga sun ga an kashe dukiya a kan ƙasar nan ba ta motsa ba, don haka ba su da dalilin zaton mutum ɗaya da diga zai yi abin da inji ya kasa.

Ramin da abin da ke cikinsa

Zayi gadon kakanni ne a ƙasar Mosi. Ƙananan ramuka ne da ake sara a wuri mai tauri don a samu inda za a jefa iri, kuma a lokacin an kusa mantawa da su. Yakuba ya faɗaɗa ramin, ya ƙara masa zurfi, ya zuba masa taki, sannan ya matsar da aikin gaba ɗaya zuwa rani. A baki abin kaɗan ne. A gona kuwa kowane ɗaya daga cikinsu yana da aikin da yake yi.

Ana haƙa ramin da diga ko fartanya mai ƙarfi, faɗinsa santimita 20 zuwa 30, zurfinsa 15 zuwa 20, tsakaninsa da na kusa da shi kamar taku guda. Ƙasar da aka tono ba a watsar da ita, a bakin ramin ake tara ta ta gefen gangare don ta tare ruwan da ke gangarowa ta juya shi ciki. Layi na biyu kuma ba ya bin sahun na farko, raminsa tsakanin biyu na sama yake faɗawa, ta yadda ruwan da ya kuɓuce wa wannan zai faɗa wancan. Fakon da ke tsakanin ramuka ba a taɓa shi, domin taurinsa ne ke tattaro ruwa ya kai wa shuka. Daga nan a zuba taki cikin hannu ɗaya ko biyu, kashin awaki ko na shanu ko ruɓaɓɓen juji, a ɗan yayyafa ƙasa a kai. Da yake tun da rani aka yi, iska na da watanni tana tara ganye da yayi da ƙura a ciki kafin ruwa ya sauka.

Sai gara ta zo. Manomi ya san gara da cin dami da ƙafar rumbu, amma a nan ita ce ma'aikaciyar da ba a biya. Ƙanshin taki ke jawo ta, ta huda ƙasan ramin da hanyoyinta, ta ja takin ƙasa, ta turo ƙasar ciki sama. Idan ruwa ya zo ta waɗannan hanyoyi yake nutsewa ya zauna inda rana ba ta kai masa. Gero ko dawar da aka shuka a ramin tana samun danshi da abinci a wuri guda, dab da saiwarta, kuma idan ruwa ya yi tsaiko na kwana goma ko mako biyu bayan shuka, wanda shi ne ke kashe manomin Sahel, ita tana nan tsaye ta maƙwabta na ƙonewa.

Ramin bai tafi shi kaɗai ba. A 1979 ƙungiyar agaji ta Oxfam ta buɗe wani shirin noma da itatuwa a Yatenga, inda wani ma'aikacin shirin, Mathieu Ouédraogo, ya yi aiki da manoma kan jeren duwatsu. Jera dutse a gona tsohon abu ne, matsalar ita ce gano layin da ƙasa ta daidaita a fili mai kama da shimfiɗaɗɗe alhali yana da ɗan gangare. Aka kawo dabarar tiyo: doguwar roba mai haske a cika ta da ruwa, a ɗaure bakinta biyu a jikin sanduna biyu masu alama, mutum biyu su riƙe suna matsawa har ruwan ya tsaya daidai a duka sandunan, a kafa turke. Wanda bai taɓa riƙe alƙalami ba yana koyon wannan cikin kwana ɗaya ko biyu. Dutse ya fi shingen ƙasa domin ba ya riƙe ruwa har ya ɓalle, rage masa gudu yake yi, ruwan ya tsiyaye ta tsakankani ya bar laka da yayi a baya. Yakuba ya haɗa jeren duwatsun da ramukansa.

Binciken da aka yi a yankin ya nuna fakon da ba ya ba da ko zangarniya ɗaya, idan aka yi masa zayi da taki, yakan ba da kilo 300 zuwa 400 a hekta a shekarar ƙarancin ruwa, a shekara mai kyau kuma har kilo 1,500. Wanda ya saba jin lissafin gonakin taki da inji zai raina buhu uku ko huɗu. Ya tuna dai cewa a shekarar fari ake maganarsu, a wurin da amfaninsa a da babu ne, kuma su ne ke raba gida da sayar da akuyar ƙarshe a watan Agusta.

Itatuwan kuwa da farko ba shuka su ya yi ba. Dabba ta ci 'ya'yan itace a daji, ƙwallon ya fito cikin kashinta, takin ya shiga rami, sai ga tsiro tare da gero. Kowane manomi ya san wannan, kuma abin da aka saba shi ne a share shi ranar noman farko. Yakuba ya bar nasa. A irin wannan zayi na itace, idan an zo girbi ba a sare kara daga tushe, sai a karya shi a bar gindin tsaye don ya kare ɗan tsiron daga iskar hunturu, ya kuma ɓoye shi daga idon awaki. Daga baya ya shiga neman iri da gangan yana jefawa a ramuka, har da na itatuwan da suka ɓace a yankin. Sannu a hankali wani ɓangare na gonar ya tashi daga gonar hatsi ya zama daji, wanda aka sani da Bangr-Raaga. Masu ba shi lambar yabo a 2018 sun ƙiyasta shi kusan hekta 40, da itatuwa da ƙananan bishiyoyi sama da iri 60. Irin itatuwan da muka sani ne, su aduwa da danya da kalgo da kuka. A cikinsu ake samun ganyen miya da abincin dabbobi da zuma, mutane kuma na zuwa daga nesa neman saiwa da sassaƙen magani.

A lura da abin da wannan zaɓi ya ci masa. Inda itace ya rufe, gero ba ya yi. Magidanci mai baki da yawa a gida ya bar wurin da ya sha wahalar farfaɗowa ya koma inuwa, ya matsa gaba ya fasa sabon fako, saboda amfanin da sai bayan shekara goma ko ashirin za a gani. Ba kowa ke iya wannan ba, kuma ban ga laifin wanda bai iya ba.

Mahaukaci, sannan malami

Mahaukaci aka fara kiransa. Masu riƙe da al'ada suka ga ya taɓa ƙasa ba a lokacinta ba, wasu suka ga ɗan kasuwa ne da ya tozartar da jarinsa. Abin bai tsaya a baki ba, har wuta aka saka wa dajin. Ya sake farawa. Ya kamata a yi wa maƙwabtan nan adalci ta fuska ɗaya: mutumin da rumbunsa ya kusa ƙarewa ba ya caca da ƙarfinsa a kan abin da bai gani ba. Abin da ya juya su shi ne shekarun fari, da aka ga gidan da ake yi wa dariya yana da hatsi.

A 1984 ya fara abin da a ganina ya fi dajin muhimmanci. Ya kafa ranar kasuwar zayi a Gurga, sau biyu a shekara. Bayan girbi manoma su zo da samfurin irin da suka shuka a ramukansu, gero da dawa da wake da masara, kowa ya faɗi yadda nasa ya yi, Yakuba ya adana. Dab da damina su dawo, kowa ya zaɓi irin da ya ga zai dace da ƙasarsa. A nan ake nuna sabon kayan haƙa, a nan ake musu kan zurfin rami da yawan taki. Zuwa shekarar 2000 wakilan ƙauyuka sama da 100 ke halarta. Shi kuma yana hawa babur ya bi ƙauyuka yana nunawa da hannunsa, ba ya ɗaukar ilimin nan a matsayin sirrin gida.

Ba shi kaɗai ba ne. Usaini Zorome na Somyaga ya buɗe makarantun zayi, inda manoma ke haɗuwa su raya fako guda tare suna koyo. Ali Ouédraogo na Gursi ya koyar da manoma ɗaya bayan ɗaya a gonakinsu. Akwai dubbai da ba a rubuta sunansu ba. Wani nazari da cibiyar binciken harkar abinci ta IFPRI ta fitar a 2009 ya ƙiyasta cewa zayi da jeren duwatsu sun farfaɗo da hekta 200,000 zuwa 300,000 a tsakiya da arewacin Burkina Faso, suna ƙara kimanin tan 80,000 na abinci a shekara. A wasu ƙauyukan da aka yi aikin sosai ruwan rijiya ya taso da mitoci.

Dabarar ta iso ƙasar Hausa ta hanyar da ta dace da ita. A 1989 wani shirin IFAD, asusun bunƙasa noma na Majalisar Ɗinkin Duniya, a Illela, cikin jihar Tawa a Nijar, ya ɗauki manoma 13 ya kai su Yatenga. Gani ya kori ji. Da suka dawo wasu suka gwada a 'yan kadada kaɗan, suka gyara tsohuwar tassarsu, wato nasu ramukan shuka na gargajiya, bisa abin da suka gano. A 1990 aka yi kimanin hekta 70, kuma shekarar ta zo da ƙarancin ruwa, gonakin tassa suka ba da amfani na kusa da su suka ƙone. Daga nan ba a bukaci mai wa'azi ba. Abin da ya biyo baya a Illela yana da kyau a riƙe shi, domin shi ne zai faru da Yakuba ta wata fuska: fako ya yi kuɗi. Wurin da a da ake bayarwa kyauta aka fara saye da sayarwa, farashi na hawa, masu hali na sayen na marasa hali.

Nauyin da ke kan gida

Masu yabon zayi daga nesa sukan tsallake lissafin gumi. A tazarar da aka saba, hekta ɗaya na cin rami 10,000 zuwa 15,000. Ana ƙiyasta aikin haƙa su da awa 300 ko fiye. Mutum ɗaya mai yin awa biyar kullum zai yi wata biyu cur, a ƙasa mai tauri da diga ke tashi da tartsatsi, a watannin Maris da Afrilu da Mayu da zafi ya fi tsanani, kuma daidai lokacin da samari ke tafiya cin rani su samo kuɗin da gida ke jira. Bayan shekara biyu ko uku ramin ya cike, a sake. Taki cikin hannu a kowane rami idan aka tara ya kai tan biyu ko uku a hekta, wanda ba shi da dabba ba shi da shi, wanda ba shi da amalanke kuma a ka za a kai masa. Dutsen ma wani lokaci daga nesa ake ɗebo shi. Wa ke ɗauka? Mata da yara, galibi. Duk hoton da aka ɗauki Yakuba shi kaɗai da fartanya a kafaɗa, a bayansa akwai babban gida da ya yi dakon taki da dutse shekara da shekaru, kuma tunawa da shi ba ta cika ba idan ba a ambace su ba.

Shi ya sa amfanin dabarar bai rabu daidai ba. Gida mai hannuwa da yawa da garke yana raya hekta bayan hekta, mai kuɗi ya ɗauki 'yan ƙwadago, gwauruwa da tsohon da 'ya'yansa suka tafi su tsaya a ɗan abin da ƙarfinsu ya kai. Kuma ba kowace ƙasa ke karɓarta ba. A jigawa mai rairayi ramin rushewa yake yi da ruwan farko, ruwan ma dama nutsewa yake ba sai an tare shi ba. A ƙasa mai laka a shekarar marka ruwa na kwanciya a ramin ya ruɓar da shuka. Maganin fako ne, a yankin da ruwa ke da ƙaranci.

A 2010 wani Baturen Ingila, Mark Dodd, ya yi fim a kan rayuwarsa, kuma daga nan laƙabin mutumin da ya tsayar da hamada ya bi shi. Laƙabin ya buɗe masa ƙofofi, amma yana ɓatar da mai son koyi. Ba yashin Sahara ne ya taso ya binne Gurga ba. Ƙasar wurin ce ta mutu a inda take saboda an tuɓe ta, ruwa na zuba yana wucewa. Gaskiya ne kuma damina ta ɗan gyaru a Sahel daga shekarun 1990 idan aka kwatanta da na 1980, wannan ya taimaka. Sai dai ruwan a kan kowa ya sauka, fakon da ba a taɓa ba kuwa yana nan fakonsa. A 2018 aka ba shi lambar yabo ta Right Livelihood a Suwidin, a shekara ɗaya da Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya da ya yi aikin sassaben zamani da manoman Maraɗi, wato barin kututture ya tofo a gona ana gyara masa rassa. A 2020 hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa shi cikin gwarazan da take karramawa.

Takarda

Yayin da sunansa ke zaga duniya, a gida ƙasar na zamewa daga ƙarƙashinsa. Bisa al'ada ya riƙe wurin, kamar kusan kowane manomin karkara: dattawa sun sani, maƙwabta sun sani, babu wanda ya yi jayayya lokacin da wurin ke fako. Doka kuwa wani abu ta ce. A 1984, zamanin shugaban ƙasa Thomas Sankara, shekarar da aka sauya wa ƙasar suna daga Haute-Volta zuwa Burkina Faso, aka yi dokar da ta mayar da dukan ƙasa mallakar gwamnati. Niyyar ita ce a karya ikon sarakuna a kan filaye a ba talaka dama. A aikace manomi ya ci gaba da noma bisa al'ada, ba tare da wata hujja da ofis zai karɓa ba.

Wahiguya na girma, Gurga na bakinta. A shekarun 2000 shirin rabon fuloti na garin ya haɗiye yankin da dajin yake. Wajen 2008 labari ya fita cewa abin da tsarin ya tanadar wa Yakuba da 'yan gidansa shi ne ɗan filin gina gida kowannensu, ba diyyar itace, ba ta shekarun da aka zuba. Aka kafa turaku, wasu da aka ba filaye suka fara sara suna aza tubali a gefen dajin. Su ma ba ɓarayi ba ne, takarda ce a hannunsu, da yawansu talakawa ne masu neman inda za su sa iyali. Hanyar da ta rage masa ita ce ya sayi wurin da ya raya da hannunsa, a farashin filin birni, kuɗin da manomin gero ba ya tarawa ko zai shekara ɗari yana noma.

A nan ne nake ganin an zalunce shi, ko da kowane mataki ya bi doka. Ma'aunin da aka yi amfani da shi ya san gini, ya san takardar mallaka, bai san ƙasar da aka mayar mai rai ba. A taswirar mai rabon fili, dajin Yakuba da fakon da ke maƙwabtaka da shi abu ɗaya ne, fili ne da ba a gina ba. Illar ba ta tsaya kansa ba. Duk manomin da ke kallo ya koyi cewa zuba shekara 20 a ƙasar da ba ka da takardarta kasada ce, wanda ke noman aro kuma ya san idan ya gyara wuri ya yi kyau mai shi na iya karɓewa, idan ya dasa itace ma a ce yana neman mallake gonar. Dabarar da ke bukatar haƙuri mai tsawo ba ta yaɗuwa yadda ya kamata a inda mutum bai tabbata ɗansa zai gaji wurin ba.

A 2009 Burkina Faso ta yi sabuwar dokar filayen karkara da ta amince da riƙon al'ada, ta buɗe hanyar ba manomi takardar shaida. Aiwatar da ita ya yi ta jan ƙafa, domin ofisoshin da za su yi aikin ba su kafu da wuri ba a ƙananan hukumomi da yawa. Shi Yakuba sunan da ya yi ne ya tsaya masa. 'Yan jarida suka yi ta rubutu, ƙungiyoyi suka yi ta magana, lambobin yabo suka sa abin ya zama abin kunya, har a watan Yunin 2021 hukuma ta ƙaddamar da shingen da ya kewaye dajin. Ya ga wannan da idonsa, shekara biyu da rabi kafin rasuwarsa. Manoman da suka koya a wurinsa suka raya hekta biyu ko uku a gefen wani gari ba su da fim, ba su da lambar yabo, kuma turakun masu awo ba sa tambayar wa ya haƙa ramukan da ke wurin.

'Ya'yansa na ci gaba da kula da dajin da koyar da masu zuwa. Sai dai yankin da ya bar musu ba shi ne wanda ya yi ta zagawa a kan babur ba. Rikicin masu ɗauke da makamai ya mamaye arewacin ƙasar, hanyoyin da manoma ke bi su kawo iri Gurga da yawansu sun zama abin tsoro, ƙauyuka sun watse sun bar gonakin da aka yi wa zayi da jeren duwatsu babu mai shuka su. A 2023 'yan gudun hijira a cikin Burkina Faso sun kai kimanin miliyan biyu. Wahiguya na cikin garuruwan da suka fi karɓar su, kuma kowane gida da ya sauka yana bukatar itacen girki da wurin kafa bukka.